Awa Ɗaya a Kulle da Kimiyya: Karatu Ne ko Wasa Kawai?

Ku huɗu ne ko biyar. Kun biya kuɗin shiga, an karɓe wayoyinku an kulle a durowa. Wani matashi ya tsaya a bakin ƙofa yana ba ku labari: wai wata masaniyar kimiyya ce ta ɓace, ta bar maganin annoba a akwatin ƙarfe, ku kuma minti 60 gare ku ku buɗe shi kafin cutar ta ɓalle. Ya miƙa muku fararen riguna da oba-oba guda, ya ja ƙofa. A bango ga agogo mai jan rubutu yana cin lokacinku. Ga kwalabe jere da ruwa kala-kala, ga madubin duba ƙwayoyin cuta, ga allo cike da lissafin da aka goge rabinsa, ga kwaɗuna birjik, wani na lamba, wani na harafi, wani na ɗan makulli. Ba wanda zai ce muku ga inda za ku fara. Wanda ya rufe ku yana wani ɗakin yana kallonku ta kyamara, in kun kakare ku kira shi ya ɗan haska muku hanya.

Wasan kuɓuta daga ɗaki ke nan, kuma bai daɗe a duniya ba. A kwamfuta ya soma. A 2004 wani ɗan Japan, Toshimitsu Takagi, ya saki Crimson Room a intanet, inda mai wasa ke tsintar kansa a jan ɗaki ya yi ta latse-latse yana neman mafita. A 2007 Takao Kato da kamfaninsa SCRAP suka ciro wasan daga allo suka zuba mutane a ɗaki na gaske a Kyoto. A 2011 Attila Gyurkovics ya buɗe Parapark a Budapest, daga nan ya bazu a Turai. Wanda ya fi shafar maganarmu kuwa malamin makaranta ne, Gabriel Palacios, mai koyar da fizis a Bern ta ƙasar Suwizalan. A 2012 ya shirya wa ɗalibansa ɗaki da dabarun kimiyya, abin ya karɓu har ya zama kamfanin AdventureRooms mai rassa a ƙasashe da dama. Gidajen baje kolin kimiyya da jami'o'i da makarantun sakandare suka bi sahu, gardama kuma ta biyo su. Wasu suka ce an samo hanyar cusa wa yara son kimiyya. Wasu suka ce kacici-kacici ne kawai aka ɗinka wa farar riga.

Hujjar masu goyon baya ta farko ita ce hannu. A aji, malami zai ce abin da bai kai ruwa nauyi ba yana tasowa sama, ɗalibi ya rubuta, ya haddace, ya manta bayan jarrabawa. A ɗakin wasa kuwa sai ka tarar da dogon bututu na gilashi a kafe a tebur, can ƙasansa ga ɗan makulli ɗaure da toshiyar kwalba, bakin bututun bai isa hannu ya shiga ba. Za ku gwada waya, ta gaza. Za ku gwada girgiza tebur, a banza. Can wani ya lura da butar ruwa a lungu, ya tsiyaya, makulli ya taso har bakin bututu, ɗaki ya kaure da ihu. Ko kuma hasken leza ne ke fitowa daga bango, ga ƙananan madubai uku, sai kun jera su hasken ya karya kwana ya faɗa kan wani ɗan ido kafin durowa ta buɗe. Wanda ya yi minti biyar yana murɗa madubi kaɗan-kaɗan ya ga da idonsa cewa yadda haske ya faɗo haka yake tashi, ko da bai taɓa jin sunan dokar ba. Gani ya kori ji. Ko a ba ku fitilar nan mai shuɗin haske irin ta duba jabun kuɗi, ku haska farin bango sai rubutu ya fito, nan take wani ya tambaya: me ya sa da fitilar ɗaki ba a ganinsa? Irin tambayar da malami ke shan wahalar jawowa daga bakin ɗalibi ke nan, ga ta ta fito don kanta.

Suna da abin dogaro daga bincike. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara sakamakon nazari 225 a kan koyar da kimiyya da lissafi da injiniyanci a jami'o'i. Suka gano cewa a azuzuwan da malami ke magana shi kaɗai, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ne ke faɗuwa, a azuzuwan da ɗalibai ke aiki da hannu da baki kuwa kusan kashi 22. Ba ɗakin wasa suka nazarta ba, amma masu ɗakin suna cewa ai babu inda mutum ke aiki da hannu da baki kamar inda aka rufe shi aka ce ya fitar da kansa. Akwai kuma gwajin da ya shafi wasan kai tsaye: a 2017 Heidi Eukel da takwarorinta a Jami'ar Jihar Dakota ta Arewa, a Amurka, suka ba da rahoton ɗakin da suka shirya wa ɗaliban harhaɗa magunguna a kan ciwon sukari. Matsakaicin makin ɗaliban ya tashi daga kashi 56 kafin wasa zuwa 81 bayansa.

Hujjar da ta fi shiga raina a ɓangarensu ba ta maki ba ce. Ta kunya ce. Yaro da yawa ya bar kimiyya ne ranar da ya ba da amsa a aji aka yi masa dariya. A ɗakin wasa kuskure ba ya da wannan ɗacin. Ka sa lamba, kwaɗo ya ƙi buɗewa, shi ke nan, ba jan biro, ba tsawa, sai ka sake tunani. Cikin awa ɗaya mutum zai yi zato ya gwada ya ga bai yi ba ya canza, sau da yawa fiye da yadda zai yi a zangon karatu guda. Wasan kuma yana tilasta magana. Wannan ya ga alama a ƙarƙashin kujera, wancan yana riƙe da takardar da ke fassara ta, in kowa ya yi gum ba za a fita ba. Ƙungiyar da ke cin wasa ita ce wadda kowa ke faɗin abin da ya gani da ƙarfi, ake tara abin da aka samu wuri guda, ake ware wanda aka riga aka yi amfani da shi. Duk wanda ya zauna da masu bincike ya san haka suke aiki.

In aka ce musu ai kimiyya ba a yin ta da agogo a ka, sai su kawo labarin kumbon Apollo 13. A Afrilun 1970 tankin iskar shaƙa ya fashe a kumbon, Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise suka koma ƙaramin kumbon sauka a wata, wanda aka ƙera don mutum biyu. Iskar da suke fitarwa ta fara taruwa za ta kashe su. Gwangwanayen tace iska na babban kumbo masu kusurwa huɗu ne, ramin ƙaramin kuwa zagayayye. Injiniyoyi a Houston suka zauna da irin kayan da ke cikin kumbon kaɗai, leda da kwali da tiyo da salatif mai ƙarfi, suka haɗa abin da zai yi, suka karanta wa mutanen sama mataki-mataki ta rediyo. Suka dawo da rai ran 17 ga wata. Ɗaki a rufe, kaya ƙayyadaddu, lokaci na tafiya: me ya rage, in ji su?

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba, in ji ɗaya ɓangaren. Injiniyoyin Houston ba a ranar suka koyi kimiyya ba. Shekaru suka yi suna karatu a natse, ranar wuya ta zo suka ciro abin da ke cikin tumbinsu. Agogo yana gwada wanda ya sani, ba ya koyar da wanda bai sani ba. Wanda aka ce saura minti 7 ba zai tsaya tambayar dalilin da ruwan kwalba ya canza launi ba. Lamba yake nema, ya samu ya wuce.

Babbar tuhumarsu ta fi wannan. Ka duba yawancin abin da ake kira ɗakin kimiyya, ka cire kwalabe da fararen riguna, me ya saura? Ɗauki jadawalin sinadarai, wanda kusan kowane irin ɗakin nan ke liƙe da shi a bango. Za a rubuta Fe da O a jikin wata kwalba. Ka je jadawali ka duba: ƙarfe lambarsa 26, iskar shaƙa 8. Ka sa 268, kwaɗo ya buɗe, kowa ya yi tafi. To me aka koya? An mayar da jadawalin tamkar littafin bashin mai shago, a nemo suna a karanto lambar da ke gabansa. Da sunayen 'yan ƙwallo da lambobin rigunansu aka liƙa, da wasan bai canza ko kaɗan ba. Alhali abin da ya sa jadawalin ya zama abin al'ajabi daban ne. Da Dmitri Mendeleev ya tsara shi a 1869, ya bar gurabe babu kowa, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna, har ya faɗi nauyinsu da halayensu. A 1875 aka gano galiyam, a 1886 aka gano jamaniyam, suka zo kusan yadda ya faɗa. Wannan ƙarfin hangen shi ne kimiyyar, kuma kwaɗon 268 bai ko shinshine shi ba. Scott Nicholson, wanda a 2015 ya yi nazarin wuraren wasa 175 a faɗin duniya, ya daɗe yana jan kunnen masu tsara ɗakuna su riƙa tambayar kansu dalilin da ya sa kowane abu yake cikin ɗakin. Wace masaniyar kimiyya ce za ta ɓoye lambar akwatinta a bayan hoton bango da tawadar da ba a gani?

A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin nan ne ma'aunin ya kamata ya tsaya. Makullin da ke cikin bututu ruwa ne ya ɗago shi, ba mai ɗaki ba. Ko a Bern ko a Kyoto haka ruwa zai yi. Lambar 268 kuwa wani mutum ne ya zauna ya ƙulla ta, kai kuma tunaninsa kake ƙoƙarin karantawa. Na farko kana tambayar halitta ne, na biyu kana tambayar mai ɗaki. Ɗakuna masu irin na biyu sun fi yawa, don sun fi araha, ba sa jiƙa ƙasa, kuma cikin minti goma za a mayar da komai wurinsa kafin wasu su shigo.

Suna da wata tuhumar mai zurfi, wadda amsarta ba ta da sauƙi. A ɗakin wasa ka san akwai amsa. Ka san guda ɗaya ce, ka san duk abin da kake bukata yana cikin bango huɗun nan, ka san an auna ta yadda za ta samu cikin awa guda, in ta ƙi akwai mai oba-oba. Masanin gaske ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Marie da Pierre Curie sun sanar da radiyam a 1898, amma sai 1902 Marie ta iya tace kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirinsa, bayan ta dafa tan-tan na dutsen ma'adini a wata rumfa a Paris. Gregor Mendel ya yi daga 1856 zuwa 1863 yana barbarar shukar wake a lambun gidan ibada a Brno, tsiro wajen 28,000, ya buga sakamakonsa a 1866, ya rasu a 1884 duniya ba ta kula ba, sai a 1900 aka waiwaye shi. Ba kwaɗon da ya yi ƙara ya shaida masa ya yi daidai. Yaron da ya ɗauka kimiyya ita ce ihu duk bayan minti biyar, ranar da ya shiga ɗakin gwaje-gwaje na gaske ya yi wata uku yana wanke kwalabe sakamako na ƙin fitowa, zai ce an yaudare shi.

Masu goyon baya ba su rasa ta cewa ba. Suna tuna cewa Thomas Kuhn, a littafinsa na 1962 a kan yadda juyin tunani ke aukuwa a kimiyya, ya kwatanta aikin yau da kullum na yawancin masana da warware wasan ƙwaƙwalwa: akwai dokoki, akwai tsammanin cewa amsa tana nan, gwaninta ce ake gwadawa. Gaskiya ne, kuma ya rage wa tuhumar kaifi. Gwajin da ake yi a makaranta ma ai malami ya san amsarsa tun kafin a fara, ba wanda ya ce don haka a rufe ɗakunan gwaji. Amma ko a wurin Kuhn, inda labari ke daɗi shi ne inda amsar da ake jira ta ƙi zuwa, aka gane dokokin ne da kansu ke da gyara. A ɗakin wasa, in abu ya ƙi aiki, batir ne ya mutu.

Shi kuma makin nan na 56 zuwa 81, masu suka suna cewa a bi shi a hankali. Ba a ware wasu ɗaliban aka ba su awa guda ta bita ta al'ada don a kwatanta ba, kuma duk wanda aka yi wa tambayoyi, aka sa shi ya yi awa yana juya batun, aka sake tambayarsa, dole makinsa ya motsa. Ɗaliban kuma an riga an koya musu darasin, wasan bita ne. Wannan ya dace da abin da Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark suka kafe a kai a 2006, cewa sabon shiga da aka sake shi ya gano wa kansa yakan ɓata, don ƙwaƙwalwarsa na cika da neman hanya har ba ta da wurin ajiye darasi. Jin daɗin 'yan wasa ma ba shaida ba ne. A 2019 Louis Deslauriers da abokansa a Harvard suka nuna cewa ɗaliban fizis sun fi jin sun koyu a laccar gwanin malami, alhali a jarrabawa sun fi cin abin da suka sha wahalarsa da kansu. Kowane ɓangare na jan wannan binciken zuwa gefensa, amma abin da ya tabbatar shi ne, "na ji daɗi, na ƙaru" da mutum zai faɗa a bakin ƙofa ba ma'auni ba ne.

Akwai kuma abin da duk wanda ya taɓa kallon ƙungiya ta kyamara zai shaida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka ne, amma ba kowane hannu ke ɗauka daidai ba. Mai baki ya karɓe fitila, mai saurin lissafi ya karɓe allo, mai kunya ya koma riƙe wa mutane takarda. Matsaloli goma a ɗaki, kowa ya taɓa biyu ko uku, sauran sai dai ya ji an ce "ya buɗe!" daga bayansa. In darasin haske aka zo koya, mutum ɗaya ne ya murɗa madubin.

Labarin da ake ƙullawa ma abin dubawa ne. Sau nawa masanin cikin labarin ke zama mutumin kirki mai albashi da iyali? Kusan kullum ko mahaukaci ne da ya haɗa guba, ko cuta ce ta kuɓuce daga kwalbarsa. A zamanin da ake fama da mutane su yarda da allurar rigakafi, ban ga hikimar a riƙa nuna wa yara cewa ɗakin gwaje-gwaje nan ne ake dafa bala'i ba.

Batun rufe ƙofa kuwa ba na gardama ba ne. Ran 4 ga Janairun 2019, a garin Koszalin na ƙasar Polan, 'yan mata biyar masu shekara 15 suka je wasan don bikin ranar haihuwar ɗayarsu. Gas ya tsiyaya daga tukunyar dumama ɗaki, wuta ta tashi, ba su da hanyar fita, hayaƙi mai guba ya kashe su duka. Hukumomi suka bi wuraren wasa suna bincike, aka rufe da dama. Wuraren kirki a yau ba sa kulle mutum da gaske: ko ƙofar shiga tana buɗe, ko akwai maɓallin da ke sake ta nan take. Wanda zai kai yara ya tambaya, ya kuma gwada da hannunsa kafin agogo ya fara.

Ni dai da za a ba ni hukunci, ba zan kori wasan daga makaranta ba, amma zan ƙwace masa kujerar malami. Wurinsa ko kafin darasi, ya tayar da ƙishirwa, ko bayan darasi, ya gwada abin da ya zauna. Kuma rabin awar da ke biyo bayan buɗe ƙofa ta fi awar da ke ciki daraja, in an zauna an bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya warware ya yi wa sauran bayani, malami ya tambayi me ya sa, ya kuma tambayi me zai faru da an canza kaza. Wuraren kasuwa ba sa yin wannan. Hoto ake ɗauka da allon "mun tsira", a sallame ku, wasu na jira.

Saura kuɗi. A Amurka kuɗin shigar mutum ɗaya yakan kai dala 30 ko fiye, gina ɗakin kuma aikin masu jari ne. Shi ya sa a 2015 aka fito da Breakout EDU, inda aka juya abin: maimakon a kulle yara a ɗaki, sai a kulle akwati a ajiye a tsakiyar aji. Wannan sigar ce ta shafe mu, mu da ɗalibinmu kan iya gama sakandare yana zana bututun gwaji a takarda bai taɓa riƙe shi ba. Kuma kayan da ke sa halitta ta yi magana suna kicin. Malama za ta iya jera kofi uku, ɗaya ruwan lemon tsami, ɗaya ruwan sha, ɗaya tataccen ruwan kanwa, kowanne da lamba a gindinsa, ta hana ɗanɗanawa da shinshinawa, ta ajiye jiƙaƙƙen zoɓo marar sukari a gefe, ta ce a jera su daga mafi tsami. Zoɓo ya faɗa cikin lemo ya ƙara ja, ya faɗa cikin kanwa ya rikiɗe ya yi duhu-duhun kore, lambobi uku su buɗe kwaɗo. In akwati ya buɗe kada ta sallame su. Ta sa su zuba ruwan lemon cikin kofin kanwar kaɗan-kaɗan har jan ya dawo, sa'an nan ta tambaye su dalilin da ya sa iyayensu mata ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa.